Kabo Wanzam da Hoton Sojan Bama

Babanmu ba ya amsa gaisuwar mutum sai ya kalli kumatunsa. Kai kana miƙa hannu kana "ina kwana Wanzam", shi kuma idonsa na kan fuskarka yana karatu, sai ya gama sannan ya ce lafiya lau. Baƙi sukan ɗauka raini ne. Ba raini ba ne, sana'a ce ta bi masa jiki. Sunansa Kabo, amma a Kademi in ka ce Kabo sai a tambaye ka wanne daga ciki, sai ka ce Kabo Wanzam sannan a nuna maka zaurenmu. Ni ce Hussaina, 'yarsa ta huɗu. Duk cikin 'ya'yansa ni na fi yin faɗa da shi, don haka kada wanda ya ce ya fi ni saninsa.

Aska gado ce a wurinsa. Mahaifinsa, Wanzam Gambo, shi ya riƙe zabira a wannan yanki tun kafin mota ta san hanyar garinmu. Shekara ashirin da 'yan kai suka yi suna yawo tare, Kademi, Balan, har Toranke can ƙasar Ajingi, da fari a ƙafa, daga baya a keke. Askin suna, cire beli, kaciya, ƙaho, duk sun yi. Amma abin da Baba ya fi ɗauka da girma shi ne zanen fuska. Kowane gida da nasa, wasu bille a kunci, wasu 'yar baka, wasu fashin goshi, kuma a ganin Baba wanzamin kirki ba ya tambaya. In ka shiga gida ranar suna ka ce wa uban jariri "wane zane kuke yi?", to ka kunyata wanda ya koya maka aska. Shi kam ya haddace na gidaje sun fi ɗari, har ya san wanda aka canza saboda aure ko ƙaura.

Zamani ya zo ya ƙwace masa aikin ɗaya bayan ɗaya. Asibiti ta karɓe kaciya. Samari suka koma shagon aski mai inji, inda ake yi musu wani irin aski da ni dai ban san sunansa ba. Zane kuwa malamai da likitoci suka haɗu suka hana, mutane suka bari. Baba bai yi gardama da kowa ba, cewa ya yi ko ba komai an huta da kukan jarirai. Ya koma gonarsa ta gero da gyaɗa, ya riƙe kawunan tsofaffi da askin suna, yana shimfiɗa buzunsa kullum da hantsi a gindin dalbejiyar bakin kasuwa. Sai dai lokaci-lokaci yakan bi samari da kallo in sun wuce, ya girgiza kai ya ce fuskokin yanzu kamar allon da aka wanke. Ba ya ƙarawa a kan haka.

Aibinsa ɗaya, kuma ni na sha wahalarsa: ba ya faɗin abin da bai gani ba, ba ya kuma ɓoye abin da ya gani. Akwai wani mai tallar maganin basir da ya taɓa zuwa ranar kasuwa da lasifika, yana cewa shi Babarbare ne jikan manyan malaman Gabas, yana nuna zanen kumatunsa shaida. Mutane sun taru. Baba ya matsa kusa, ya duba, ya ce a gaban kowa, "Malam, wannan zanen da gemunka aka yi maka shi, kuma wanda ya yi bai iya ba." Wallahi mutumin nan bai kai azahar a garin ba. Da muka koma gida na ce, Baba ina ruwanka? Ya ce shi ma bai ce ruwansa ba ne, gani ya yi ya faɗa.

To, daura da dalbejiyar nan akwai shagon cajin waya na Sagiru, jikan maƙwabciyarmu Inna Gaji. Dogon saurayi ne mai wushirya, shekara ashirin da huɗu, bakinsa ba ya shiru, kansa kuma ga suma an tara ta a tsakiya kamar tukkun kaza. A shagonsa samarin unguwa suke yini. Shekarar da ta wuce, bayan an gama yankan gero, sai aka shiga yayin tsofaffin hotuna a waya, masu fari da baƙi. Ni ma ina da rumfar awara a gefe, don haka duk abin da ake cewa a kunnena yake.

"Kai ku zo ku ga dalar gyaɗa! Wai duk wannan buhuna ne?"

"Ƙarya ne, haɗa shi aka yi a kwamfuta."

"Dubi wannan, jaki goma mutum ɗaya. Wannan ai shi ne mai tirela a zamaninsu."

"Wayyo, dubi matan nan a bakin rijiya, ko ɗankwali babu. Ashe mu ne ma ustazai."

Da aka zo kan hotunan yaƙi sai dariyar ta ƙaru. Sojoji baƙaƙe sun jeru cikin daji da gajeren wando da hula mai faɗin baki, wasu ɗauke da kaya a ka, wasu cikin ruwa har ƙirji. Ja'afar mai faci ya ce wannan wandon ko a filin ƙwallo ba za a bar ka ka shiga da shi ba. Wani ya ce dubi ƙafar wancan kamar muciya, anya ana ba su abinci? Su yi dariya, su tura na gaba, hoto ɗaya ba ya kai minti guda a hannunsu. Ban ga laifinsu ba, ni ma na yi dariyar wandon.

Rannan don tsokana Sagiru ya tsallako ya miƙa wa Baba wayar. "Baba Wanzam, ga sa'anninka, ko za ka gane wani?" Baba ya ajiye askarsa ya goge hannu. Ya ce a matso masa da fuskar na gefe. Sagiru ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton. Baba ya duba da kyau, sannan ya ce, "Wannan Bagobiri ne, ga zanensa tun daga baki har kunne. Na kusa da shi Babarbare. Wancan mai ɗauke da akwati ban san nasa ba, ba na ƙasarmu ba ne." Samari suka matso suna leƙen wayar. Daga nan abin ya zama wasa, kullum sai an kawo masa hoto, Baba Wanzam wannan fa, Baba Wanzam wancan fa. Shi da ko lambar wayarsa bai haddace ba ya koyi buɗe hoto da yatsu biyu. Na rantse na shekara ashirin ban ga Baba cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba. Yakan dawo gida ya cinye tuwo malmala biyu, yana ba mu labarin mutanen da suka mutu tun kafin a haife shi kamar tare suka yi sallar asuba.

Ana cikin haka aka kira shi askin suna a Toranke, ya tarar ƙanwarsa da ke aure can ba lafiya, ya zauna kwana biyar. A cikin kwana biyar ɗin nan aka yi ɓarnar.

Wani hoto ne ya shigo, an rubuta a ƙasansa sojojin Arewa a yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. Mutum ɗaya ne a gaba, dogo, ya rungume bindiga, yana dariya, ga wushirya. Ja'afar ya kalla ya kwashe da dariya ya ce, "Kai Sagiru, wannan ai kai ne! Dubi haƙoran." Wani ya ce to ba mamaki, ai an ce kakan babansu ya tafi yaƙin bai dawo ba. Sagiru, uban rawar kai, ya tura hoton zauren danginsu na waya ya rubuta "Allah ya jiƙan kakanmu Hamma", ya liƙa fuskar dariya a ƙarshe. Dangi ba su ga fuskar dariyar ba, addu'ar suka gani. Amin ta fara zuba daga Kano, daga Kaduna, har daga wani da ke aiki Legas. Wani kawunsu a Balan ya aiko da murya yana cewa dama ya taɓa jin akwai hoton. Kafin kwana biyu wani ɗan uwansu ya kai shi Gaya an wanke shi babba, an sa masa gilashi da katako, an ɗauko a mashin an kawo wa Inna Gaji har ɗaki. Sagiru yana tsaye yana kallo, bakin nan da ba ya shiru ya kasa faɗa musu cewa wasa ya yi.

Sai na gaya muku wace ce Inna Gaji kafin ku gane girman abin. Shekararta tamanin ba ɗaya, mai daddawa ce, kuma babu gidan da ya yi haihuwa ko rasuwa a unguwarmu ba ta riga kowa zuwa ba. Mahaifinta Hamma an ɗebe shi yaƙin Bama wata biyar bayan aurensa, matarsa na da ƙaramin ciki. Bai dawo ba. Wani da suka tafi tare ya dawo ya ce zazzaɓi ya kashe shi a bakin wani kogi, iyakar labarin ke nan. Matar kuwa da amarci ya bar ta, shi ya sa har ta sake aure, har ta tsufa, har ta rasu, Amarya ake ce mata. Gaji ta tashi ba ta san fuskar ubanta ba, ba hoto, ba kabari, ko hularsa babu. In ana hira aka zo zancen iyaye takan ce, "Ni nawa dogo ne mai wushirya, haka aka ce." Tun ina yarinya nake jin wannan maganar a bakinta.

Ina ɗakin lokacin da aka miƙa mata hoton. Idonta ya yi yana, sai da ta kai gilashin har kan hancinta. Ta daɗe a haka. Ba ta yi kuka ba, tashi ta yi ta canza zani ta ɗaura sabon ɗankwali, sannan ta dawo ta sake ɗauka. Ta jingine shi a kan jeren kwanukanta na samira, ta ce a jiƙa gero, ranar Juma'a bayan masallaci za a yi gumba a tara malamai a yi wa mahaifinta addu'a, a aika Balan da Toranke dangi su zo su gan shi. Sai ta juyo gare ni ta ce, "Hussaina, in Wanzam ya dawo ki ce ina nemansa. Shi ya san fuskoki. Ina so ya zo ranar ya faɗa a gaban mutane cewa shi ne, don kada wani ya ce zancen yara ne."

Ranar Laraba Sagiru ya same ni a rumfa, ya tsuguna kamar mai neman gafara, ya gaya mini yadda abin ya faro. Na ce amma kai dai an yi sakarai. Na zage shi son raina, har da na ubansa da ba ya nan. Da na gaji na ce to yanzu sai mu roƙi Allah ya sa shi ɗin ne, ai ba abin mamaki ba ne a wurin Allah.

Baba ya dawo ranar Alhamis da hantsi. Ko ruwa bai gama sha ba na ba shi labarin hoton da saƙon Inna Gaji, na miƙa masa wayata. Ya sa yatsu biyu ya buɗe fuskar, bai yi daƙiƙa goma ba ya miƙo mini.

"Mutumin Barno ne. Ga zanensa a tsaye, ga na goshi."

"Baba, sake dubawa. Hoton ya dushe."

"Hussaina, gidan su Hamma 'yar baka suke yi uku-uku da bille ɗaya a hagu. Ƙaninsa Baffa shekara talatin ina aske masa kai, na san fuskar gidan nan kamar tafin hannuna. Wannan bakinsa fes yake. Ba shi ba ne."

Nan fa muka kwashi 'yan kallo. Na ce to sai me? Wa ya sani in ba kai ba? Duk garin nan akwai mai iya karanta kunci bayan kai? Ka je ka ce shi ne, kalma biyu, me zai rage ka? Tsohuwar nan shekara nawa ya rage mata a duniya? Kwana uku ke nan tana gaida hoton nan da safe, jiya na ji ta tana ba shi labarin yadda Amarya ta rasu. Ka bar ta ta mutu da uba mana! Na ɗaga murya har matan gida suka leƙo. Na ce masa wannan ba mai maganin basir ba ne, Inna Gaji ce, wadda ta yi mana wankan jego mu duka.

Bai katse ni ba. Da na yi shiru ya ce, "Kin gama? To ji nan. Bawan Allahn nan yana da nasa mutanen, wataƙila su ma suna nemansa. In na ce Hamma ne na raba shi da sunansa, Hamma kuma na shafe shi, daga ranar ba mai sake tambayar yadda yake. Kuma Gaji ba wai ta aiko in faranta mata ba ne, ta aiko ne don ta san ba na ƙarya." Ya ɗauki zabirarsa ya rataya. Ya ce ba zai jira Juma'a ya faɗa a gaban taro ba, yau za shi bayan azahar, in kira masa Sagiru. Na bi shi, amma wallahi ina tafe ina jin haushinsa har wuya.

Wanzami ba a hana shi shiga gida, sallama kawai ya yi muka wuce. Mun tarar mata biyu suna dakan gumba a tsakar gida. Inna Gaji na ƙofar ɗakinta a kan tabarma, da ta ji muryarsa ta washe baki.

"Wanzam, ka dawo? Ya mai jiki? Hussaina ɗauko masa, yana kan samira. A hankali, kada ki fasa mini uba."

Na ɗauko na miƙa masa. Baba ya karɓa ya zauna a kan turmin da aka kife, ya duba sosai, ya daɗe fiye da yadda yake buƙata. Na san don ita ya yi hakan.

"Yaya Gaji," in ji shi, "ba shi ba ne."

Taɓaren nan biyu suka tsaya cak. Sagiru ya sunkuyar da kai a bakin ƙofa.

"Ka duba da kyau, Wanzam?"

"Na duba. Wannan zanen Barno ne a fuskarsa. Babu 'yar baka, babu bille. Ba ɗan gidanku ba ne."

Ta miƙo hannu na karɓo hoton daga wurin Baba na ba ta, ta ɗora a cinya, ba ta kai shi ido ba. Tana shafa gilashin da gefen zaninta, tana shafawa, kamar akwai abin da zai goge. Ni kam hawaye ya riga ya zubo mini, kuma a raina ina cewa Baba ka ji daɗi, ka faɗi gaskiyarka, sai ka tashi mu tafi. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kwana uku ina da uba." Sai kuma ta ɗago ta fuskanci inda yake. "To kai da ka san wanda ba shi ba, shi yaya yake? Kowa dogo mai wushirya, dogo mai wushirya. Rabin garin nan dogaye ne."

Baba ya sunkuya yana kallon zabirarsa. Sannan ya ɗago, idonsa ya sauka kan Sagiru, ya tsaya a nan.

"Kai, zo nan. Zauna."

"Ni, Baba Wanzam?"

"Akwai wani mai tukku a gidan bayan kai? Zauna na ce. Hussaina, ruwa da sabulu."

Sagiru ya dafe sumarsa ya kalli kakarsa yana neman ceto. Ina! Ta ce, "Aske shi, Wanzam, dama na gaji da mijin nan nawa mai kan tsintsiya." Ya zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyin Baba kamar rago ranar layya. Baba ya wasa aska a fata, ya jiƙa kan, ya fara. Suma tana zuba, matan da ke daka suna ƙunshe dariya. Ya kwashe kan tas, ya bi ɗan gemun da Sagiru ya shekara biyu yana tattali ya share. Yana yi yana magana, ba da kowa ba: ga ƙeyar Baffa nan, ga kunnen gidan, wannan goshin ma nasu ne. Ɗaya daga cikin matan ta tambayi Inna Gaji ko a bar dakan haka. Ta ce a'a, a ci gaba, gero ya riga ya jiƙu, gobe a yi wa Hamma addu'a a haɗa da bawan Allahn nan na cikin gilashi, shi ma ɗan wasu ne.

Da ya gama askin ya ce in ɗauko masa tandun kwallin Gaji. Na kawo. Ya tsoma tsinken, sai na ga ya mayar da shi hannun hagu. Na ce Baba lafiya? Ya ce, "Wanzam Gambo bahago ne. Shi ya yi wa Hamma zane ranar sunansa, shi ya yi wa Baffa. Billensa daga gefen hanci yake saukowa ya ɗan lanƙwasa a ƙarshe, mai aiki da hannun dama ba ya iya wannan lanƙwasar." Ya kama haɓar Sagiru ya ce kada ya motsa. Ya ja layi uku ƙanana a gefen baki na dama, uku a na hagu. Ya sake tsoma tsinken, ya ja numfashi, ya sauko da bille a kuncin hagu, a hankali, ya lanƙwasa. Hannun tsohon nan da ke rawa in zai ɗauki kofin shayi ko kaɗan bai yi rawa ba.

Ikon Allah! Ni da na san Sagiru tun yana tsumma, na kalle shi na ga wani mutum daban, irin mutanen da muka yi ta yi wa dariya a waya.

"Yaya Gaji," in ji Baba, "ban ce fuskarsa ke nan ba, ban taɓa ganinsa ba, an haife ni bayan ya tafi. Amma kan na gidanku ne, shekarun kusan nasa ne, zanen kuwa nasa ne, wannan ko a gaban alƙali na rantse."

Ta ajiye hoton a gefe. Muka kama ta ta miƙe, ta ce a fito da ita rana. Sagiru ya durƙusa a gabanta, ta sunkuyo har numfashinta na taɓa fuskarsa. Ta ɗaga yatsa tana bin layukan a iska, ba ta taɓa ba don kada su goge. Tana ƙirgawa a fili, ɗaya, biyu, uku. Ɗaya, biyu, uku. Ta bi billen har inda ya lanƙwasa.

"Amarya ta ce in ya yi dariya ukun nan haɗewa suke yi," in ji ta. "Yi dariya in gani."

Sagiru da ke dariya ko a gidan makoki ya yi ta ƙoƙari, ido ya cika.

"Kai, kada ka yi mini kuka, za ka ɓata shi! Yi dariya na ce, ja'iri."

Ya washe baki da ƙyar. Layukan suka tattaru a gefen bakin suka haɗe. Inna Gaji ta dafe ƙirji. "Haka ne," ta ce. "Wallahi haka ta ce." Sai ta gyara ɗankwalinta, ta ɗan rusuna irin yadda ake yi wa manya, ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Ka daɗe."

Na share ido na zaro waya zan ɗauka. Baba ya daka mini tsawa, ya ce in mayar da ita. "Ki ɗauka yau, nan da shekara sittin wani sakaran ya tura wa dangi ya ce ga Hamma." Na mayar ba gardama, kuma wannan ne karo na farko a rayuwata da ya yi mini tsawa ban mayar masa da magana ba.

Ba mu ankara ba ladan ya kira la'asar. Baba ya tattara askarsa cikin zabira, ya ɗauki buta biyu a gindin randa, ya miƙa wa Sagiru ɗaya. Sagiru ya karɓa ya tsaya riƙe da ita, ya kalli ruwan, ya kalli kakarsa. Kowa a gidan ya san abin da alwala za ta yi wa kwalli. Inna Gaji ta laluba ta kama hannun rigarsa ta riƙe gam.

"Wanzam, ka yi gaba, zai biyo ka," ta ce. "Ban gama ganinsa ba."